Kwalba Tana Shika, Jariri Yana Gimi: Martani ga Mai Cewa Binciken Jarirai Yaudara Ne

Malam, na karanta rubutunka a kan binciken lafiyar jarirai, kuma bari in fara da maimaita abin da ka ce, kada wani ya ce na ɗora maka abin da ba ka faɗa ba. Ka ce duk wannan bincike da ake yayatawa, na man shafa wa cibiya, da goyon bakwaini a ƙirji, da yi wa jariri magani a ƙaramin asibitin mazaɓa, dabara ce ta lallashin talaka ya karɓi araha ya yi shiru. Ka ce ɗan mai hali a Abuja kwalba ake sa shi, ɗan manomin Gimi kuwa sai a ce wa uwarsa ta ɗaura shi da zani. Ka kawo Pfizer, ka kawo Pampaida. Sannan ka rufe da cewa a gina mana asibitoci na gaske a Ikara da Makarfi da Hunkuyi, kafin nan kuma a ƙyale kakanni da ungozomomi su ci gaba da abin da suka gada, tunda da shi aka raine mu.

Na gane fushinka, kuma a rabin maganar ina bayanka. Ɗaya rabin ne ke ba ni tsoro, musamman wannan "kafin nan" ɗin, domin a cikinsa ake haihuwa yau da gobe da jibi.

Binciken ƙidayar jama'a da lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a cikin kowace haihuwa 1,000 a Najeriya, jarirai 39 ba sa cika wata guda. Wanda aka sake yi a 2023 zuwa 2024 ya ba da 41. Mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta sauka a tsakanin, daga 132 zuwa 110, amma ta sabuwar haihuwa ta tsaya cik. Arewa maso yamma kuma ta fi wannan matsakaicin muni, kuma a wancan binciken na 2018 mace 16 kacal a cikin 100 ke haihuwa a asibiti a shiyyarmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi uku cikin huɗu na jariran da ke mutuwa a watan farko, a makon farko suke tafiya, da yawansu a ranar da aka haife su. Wato kafin a yanka ragon suna an gama komai. Abubuwan da ke kashe su kuma sanannu ne: haihuwa kafin lokaci, rashin numfashi a wajen haihuwa, da ƙwayoyin cuta da ke shiga jini.

Yanzu ka ɗauki jaririn da aka haifa da tsakar dare a wani ƙauye bayan Paki ko Auchan, a watan Agusta, ruwa na zuba. Kwana uku da haihuwa ya ƙi kama nono, jikinsa ya yi zafi, in ya ja numfashi ƙasan haƙarƙarinsa na lomawa ciki. Babban wurin da aka sani da sashen jarirai na musamman a wannan yanki shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Sai uban ya samo mai acaba zuwa bakin titi, ya samo mota, ya ratsa Zariya da Samaru, da kuɗin gado da na magani da na abincin mai jinya a aljihu, a lokacin da hatsin bara ya ƙare na bana bai nuna ba. Ga kuma surukar da ta ce mai jego ba ta fita kafin suna. Kai da ni mun san abin da ke faruwa a mafi yawan irin waɗannan gidaje. Ba a tafiya. A nemo rubutu, a sayo sirof a kemis, a jira.

A kan wannan gida aka yi binciken da ka kira na Turawa, kuma wani ɓangarensa a nan ƙasar Zazzau aka yi shi. Tsakanin 2011 da 2013 an gudanar da gwajin da ake kira AFRINEST a wurare biyar: ɗaya a Kwango, ɗaya a Kenya, uku a Najeriya, wato Ibadan da Ile-Ife da Zariya. Likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ne suka riƙe ɓangaren Zariya, cikinsu har da Farfesa Robinson Wammanda na sashen yara. Tambayar da suka yi mai sauƙin faɗa ce. Jariri ɗan ƙasa da wata biyu ya nuna alamar cuta mai tsanani, an ce a kai shi babban asibiti, iyaye sun ce ba za su iya ba. To, me ya kamata malamin asibitin ƙauye ya yi? A da amsar ita ce ya rubuta takardar turawa ya ɗaga hannu, ko kuma a yi wa jaririn allura biyu kullum har kwana bakwai, allura 14 ke nan, abin da gidaje kaɗan ke iya kammalawa. Masu binciken suka ɗauki jarirai 3,564 masu alamun cuta mai tsanani, suka raba su ta hanyar ƙuri'a. Wasu aka yi musu allura 14 ɗin nan. Wasu allurar jentamaisin sau ɗaya a rana tare da amoksisilin na sha. Wasu ma allurar kwana biyu kawai, sauran kwanakin na sha. Da aka tattara sakamako, waɗanda aka sauƙaƙa wa sun warke daidai da waɗanda aka yi wa allura 14. A wani rukunin na jarirai 2,333 waɗanda saurin numfashi kawai ke damunsu, amoksisilin na sha shi kaɗai ya yi aikin da allura ta yi. Mujallar Lancet ta buga wannan a 2015, kuma a shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi ƙa'ida ga duk ƙasashen da ke cikin irin halinmu.

Akwai iyaka, kuma masu binciken ba su ɓoye ta ba. Ba su gwada wannan hanya da kwanciya a babban asibiti ba, kuma ba su sa jariran da suka riga suka galabaita a ciki ba, irin masu jijjiga ko waɗanda suka daina motsi ɗungum. Har gobe ƙa'idar cewa take yi a fara da turawa asibiti, sai in ya gagara a koma ga wannan. Saboda haka zaɓin da ke gaban uwar nan ta bayan Paki ba tsakanin kwalbar Shika da amoksisilin yake ba. Tsakanin amoksisilin da jentamaisin a hannun wanda aka horar yake, da kuma zama a ɗaki. Wanda ya ce mata wannan maganin araha ne na raina talaka, ɗakin ya zaɓar mata.

Na ambaci ƙuri'a, kuma a nan nake ganin ka yi wa bincike kuɗin goro. Manomin Makarfi ya san in aka kawo masa sabon irin masara daga cibiyar binciken noma ta Samaru, ba ya yarda da bakin malamin gona. Yakan raba gona ɗaya biyu, ya shuka tsohon iri a nan, sabo a can, taki ɗaya, rana ɗaya, sannan ya ƙirga buhu da kaka. In ya shuka sabon a fadama, tsohon a kan tsakuwa, ya san ya cuci kansa. Ƙuri'ar da ake yi a gwajin magani aikinta ke nan, ta hana mai bincike ya ware wa maganinsa fadama. Duk binciken da aka kawo mana, tambayar farko ita ce ko an yi wannan rabon, da kuma jarirai nawa aka ƙirga. Akwai wanda zai ci jarrabawar, akwai wanda zai faɗi.

Pampaida na cikin waɗanda suka faɗi, kuma a kanta ka fi gaskiya. A 2006 aka zaɓi wannan yanki na Saulawa a ƙaramar hukumar Ikara cikin shirin ƙauyukan muradun ƙarni, wanda masanin tattalin arziki Jeffrey Sachs na Jami'ar Kolumbiya a Amurka ya jagoranta tare da Majalisar Ɗinkin Duniya. An kawo taki da iri, an gina azuzuwa da asibiti, an raba gidan sauro. A watan Mayun 2012 jagororin shirin suka buga a Lancet cewa mutuwar yara a ƙauyukansu na ƙasashe tara tana sauka ninki uku fiye da yadda take sauka a sauran karkarar waɗannan ƙasashe. Ba a yi nisa ba wasu masana, cikinsu har da Michael Clemens da Gabriel Demombynes, suka zauna da alƙaluman suka nuna an yi kuskure a lissafin shekaru, kuma an gwada da tsofaffin alƙaluman ƙasa. Da aka gyara, saukar ba ta fi ta sauran wurare ba. Jagoran marubutan ya amsa kuskuren a rubuce, aka janye wannan iƙirari. Tushen matsalar kuwa tun farko ne: ba da ƙuri'a aka zaɓi ƙauyukan ba, kuma ba a tanadi ƙauyukan gwadawa yadda ya kamata tun ranar da aka fara ba.

Amma Malam, wa ya tona wannan? Ba mai rubutun fushi irina da kai ba ne. Masu bincike ne, da alƙalami da lissafi, a cikin mujallar da ta buga kuskuren. Abin da Pampaida ta koya mana shi ne mu riƙa tambayar yadda aka yi ƙirga. Kai kuma ka ɗauke ta hujjar a daina ƙirgan gaba ɗaya.

Man cibiya ma ya bi ta irin wannan tankaɗe, kuma labarinsa ya fi yadda masu tallarsa da masu sukarsa ke faɗa sarƙaƙiya. An gwada kuloheksidin a kan cibiyar jarirai a karkarar Nepal, aka buga a 2006, sannan a Bangaladash da Pakistan a 2012. Da aka haɗa ukun, mutuwar jarirai ta ragu da kusan kashi 23 cikin 100. Jihar Sakkwato ta fara raba shi ga masu haihuwa a gida a 2013, gwamnatin tarayya ta fitar da tsarin yaɗa shi a 2016. A wannan shekarar ta 2016 kuma sai ga manyan gwaje-gwaje biyu daga Afirka, ɗaya a kudancin Zambiya, ɗaya a tsibirin Pemba na Tanzaniya, kowanne da dubun dubatar jarirai, kuma ba su ga raguwar mutuwa ba. Ba wanda ya binne wannan sakamako. Aka duba aka ga a waɗannan wurare biyu mata da yawa a asibiti suke haihuwa, mutuwar jarirai kuma tun asali ba ta kai ta wuraren Asiya ba. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gyara shawararta: a bar cibiya a tsabtace a bushe, a shafa man a wuraren da aka saba sa wa cibiya abubuwa masu cutarwa.

To mu a wane rukuni muke? Ka shiga ɗakin mai jego a Likoro ko Gazara da safe ka gani. Kasko na gefe da garwashi. Tsohuwa ta ɗora tsumma ko ɓallin tukunya ya yi zafi, ta danna a kan cibiyar, ta ɗaga, ta mayar, yaro na tsala ihu ana cewa gashi ne, cibiya za ta faɗi da wuri. In an gama a shafa man shanu, ko mantileta, ko makilin ɗin goge baki, wani gidan har toka. Zaren da aka ɗaure cibiyar da shi daga bakin zani aka yago, rezar kuma ba kullum take sabuwa ba. Cibiya ƙofa ce a buɗe zuwa jinin jariri har ta bushe, ta nan ciwon sarƙe-haƙora da ruɓar jini ke shiga. Mu ne ainihin mutanen da shawarar 2022 ke nufi. Akwai kuma gargaɗin da ya kamata kowane mai raba man nan ya maimaita da babbar murya: a 2019 hukumar ta sanar cewa a ƙasashen Afirka da dama an sa shi a idon jarirai bisa kuskure, an ɗauka maganin ido ne, wasu suka makance. Shi ya sa ba a miƙa shi a leda a wuce ba tare da an nuna yadda ake yi ba.

Sai maganar da ta fi yi maka ciwo, ta kwalba da zani. Gaskiya ne talauci ne ya haifi goyon ƙirji. A 1978 wani likita a Bogota ta ƙasar Kwalambiya, Edgar Rey, ya rasa isassun kwalabe, ana cusa jarirai biyu ko uku a guda suna shafa wa juna cuta, sai ya ce a kwantar da bakwaini tsirara a tsakanin nonon uwarsa, fata da fata, a rufe su tare. In da a nan labarin ya tsaya, da zarginka ya zauna. Amma an gwada. Tsakanin 2017 da 2020 aka yi gwaji a manyan asibitoci biyar a Gana, Indiya, Malawi, Tanzaniya da Najeriya, inda asibitin koyarwa na Ile-Ife ya wakilce mu. Jarirai 3,211 ne, masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8, ƙanana ƙwarai. Rabi aka sa su a kwalba ko ƙarƙashin na'urar ɗumama har su daidaita, kamar yadda aka saba. Rabi aka ɗora su a ƙirjin uwa tun daga farko, ana yi musu sauran aikin asibiti a jikinta. A cikin kwana 28, kashi 15.7 cikin 100 na rukunin farko suka mutu, na ƙirji kuma kashi 12. An dakatar da gwajin kafin wa'adinsa domin bambancin ya fito fili, bai halatta a ci gaba da hana rabin yaran ba. A nan kwalba na nan, wuta na nan, likita na nan, kuma ƙirjin uwa ya yi gaba. Shi ya sa shawarar da aka fitar a Nuwamban 2022 ta shafi kowace ƙasa, mai kuɗi da marar kuɗi. Asibitocin Suwidin da ba su rasa komai ba sun daɗe suna yin haka.

A gida ma an gwada. A jihar Haryana ta Indiya an bi jarirai 8,402 masu ƙarancin nauyi, aka koya wa iyayensu goyon ƙirji a ɗakunansu, mutuwa a watan farko ta ragu da kashi 30 cikin 100. Matar da ta iya goya yaro a baya tana daka, ba za ta kasa juyo shi gaba ba. Abin da ake buƙata hula ce a kansa, da zani mai ƙarfi, da kishiya ko ƙanwa ko miji da zai karɓe ta in za ta yi wanka ko salla. Wahalar tana wajen mutanen gida, masu ganin bakwaini abin ɓoyewa ne a cikin tsumma a ƙuryar gado, da masu yi masa wanka da soso tun bai yi awa guda a duniya ba don kada ya yi ƙarni. Da hunturu wannan wankan kaɗai ya isa ya sanyaya ɗan kilo biyu har ya kasa tsotso. Shawarar masana a jinkirta shi har kwana guda, a goge jiki kawai a rufe.

Inda nake tare da kai ɗari bisa ɗari shi ne akwai abin da ba ya yiwuwa sai da asibiti, kuma binciken ne da kansa ya faɗi haka. Akwai allurar da ake yi wa mai naƙudar bakwaini don huhun ɗan ya yi ƙwari. Da aka yaɗa ta a ƙananan asibitocin karkara a ƙasashe shida, sakamakon da ya fito a 2015 ya girgiza kowa, don mutuwar jarirai ƙaruwa ta yi. An yi wa mata da yawa waɗanda cikinsu ya riga ya isa, saboda babu hoton ciki da zai faɗi watanninsa. Aka sake gwadawa a asibitoci 29 masu kayan aiki, har da na Najeriya, aka buga a 2020, mutuwa ta sauka daga kashi 23.5 zuwa 19.6. Magani ɗaya, ya yi ceto a inda akwai hoto da iskar oksijin da ma'aikata, ya yi ɓarna a inda babu. In kana neman hujjar da za ka kai gaban gwamnati cewa manyan asibitocin Ikara da Makarfi da na Hunkuyi suna buƙatar ɗakin jarirai mai oksijin da wutar sola da fitilar shawara, ga ta nan, masu binciken da kake zagi sun rubuta maka.

Batun Pfizer ba zan ja da kai ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200 a Kano, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye, har aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 a 2009. Tabon ya taimaka wajen ƙin allurar shan-inna a 2003, kuma yaranmu ne suka biya da ƙafafunsu. Sai dai ka lura da bambanci. Amoksisilin da jentamaisin tsofaffin magunguna ne da kowane kemis ke da su, ba mai mallakarsu. Ƙirjin uwa kuwa ba kamfanin da zai ci ko sisi a kansa. In akwai mai asara a wannan binciken, mai sayar da kwalba ne da mai sayar da madarar gwangwani.

Ka ce da hanyar kakanni aka raine mu. Mu da muka rayu ne ke faɗin haka. Ka zauna da kowace tsohuwa a Kudan ka tambaye ta haihuwarta nawa, za ta ba ka lissafi biyu, na waɗanda ta haifa da na waɗanda ke raye, kuma sau da yawa na biyun bai kai rabin na farko ba. Ba a banza muke da Ajuji da Ayashe a kowace unguwa ba. Ban ce tsofaffinmu ba su san komai ba. Su suka riƙe shayarwa shekara biyu, su suka san mai jego na buƙatar hutu da abinci da mai taya ta, kuma a wannan sun fi matan birni da yawa. Amma su ne kuma ke matse dakashi a zubar a ce ƙazanta ne, a ba jariri ruwa ko madarar akuya kwana biyu ko uku kafin a ce nono ya gyaru. A karkarar Gana an bi jarirai fiye da 10,000, aka buga a 2006, masu binciken suka ƙiyasta cewa da kowane jariri zai kama nono a sa'ar farko, da an kauce wa kashi 22 cikin 100 na mutuwar watan farko. Wannan ba gwajin ƙuri'a ba ne, bibiya ce, don haka adadin na iya hawa ko sauka, amma bibiyar da aka yi a wasu ƙasashe ta nuna hanya ɗaya. Ga wanzami ranar uku ko ranar suna, da ƙarfen da ya cire wa yaron maƙwabta belu da shi ɗazu. Ga kafur a cikin kayan jariri, wanda ke fasa jinin yaran da aka haifa da wani rauni na gado da ya yawaita a cikinmu, ya jawo shawara mai taɓa ƙwaƙwalwa. Ko kunun kanwa da wankan jego, likitocin Zariya ne, Davidson da Parry, suka bi mata fiye da 200 a shekarun 1970 suka nuna alaƙarsu da kumburin zuciya bayan haihuwa. Shekara kusan hamsin ke nan, kuma har yau ana dama kunun da kanwa kamar ba a taɓa rubuta komai ba.

Wannan ne abin da ya kamata ya ba ka haushi, Malam, kuma shi ne babu a rubutunka. Matsalarmu ba yawan bincike ba ce. An yi shi a Zariya, an buga a Landan, Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi ƙa'ida a Janiba, amma bai iso ɗakin mai jego a Gubuchi ba. Gwamnatin Kaduna ta yi shelar gyara ƙananan asibitoci 255, ɗaya a kowace mazaɓa. Makarfi kuma ta daɗe da kwalejin Shehu Idris mai yaye ma'aikatan lafiya, wato ba mu rasa yaran da za a horar ba. Tambayoyin da zan so in ga alƙalaminka ya bi su ne waɗannan. A asibitin mazaɓarku, akwai ma'aikacin da ke kwana? Akwai sikelin da zai auna ɗan kilo ɗaya da rabi? Akwai jakar hura wa jariri iska, wadda ake so a fara aiki da ita cikin minti ɗaya in bai yi kuka ba, kuma wadda horo a kanta ya rage mutuwar ranar farko da kusan rabi a asibitocin Tanzaniya da aka gwada? Jentamaisin da amoksisilin na yara suna cikin kabad, ko sai an rubuta a je kemis? Akwai mai zuwa gida ya duba jariri a ranar farko da ta uku da ta bakwai, ya buɗe ƙirjinsa ya ƙirga numfashi da agogo, ya san in ya kai 60 a minti akwai magana? Na taɓa raka wata 'yar'uwa da jaririnta wani ƙaramin asibiti da la'asar muka tarar da kwaɗo a ƙofa, mai gadi ya ce malamin ya tafi gari sai gobe. Ba ƙa'idar Janiba ce ta kulle wannan ƙofa ba.

Akwai kuma aikin da ba sai mun jira Kaduna ba. Jaririn da ya rasu kafin suna, a wurinmu, a kan yi masa sutura a kai shi da mutum uku ko huɗu, a ce wa uwar Allah ya ba da mai amfani, shi ke nan. Ba ya cikin rajistar asibiti tunda ba a can aka haife shi ba, ba ya cikin ta hukumar ƙidaya tunda ba a yi masa takarda ba. Alƙaluman da na kawo a sama na ƙasa ne da na shiyya, an samo su ne ta hanyar tambayar wasu mata da aka zaɓo. In kwamitin ci gaban mazaɓa da masu unguwanni da limamai a Ikara da Makarfi da Kudan za su riƙe littafi guda, a rubuta kowace haihuwa, a gida ko a asibiti, da kowane jaririn da ya koma, da kwanakinsa, da alamar da aka gani, to cikin shekara biyu za mu san ko cibiya ce ke cin yaran Doka, ko sanyi, ko naƙuda mai tsawo. Liman ya riga ya san kowane suna da kowace jana'iza, ungozoma ta san kowace haihuwa. Da wannan littafi za a je wa shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa a nemi ɗakin jarirai da kake so, kuma da shi za a gane bayan an gina ko ya rage wani abu.